Saƙo Ɗari Shida da Goma Sha Biyu

An ɗaga aurena. Ba a fasa ba, kamar yadda wasunku suka riga suka yanke hukunci da suka ji ni shiru mako uku. Ɗaga shi aka yi, kuma ni na ɗaga shi, ranar wata Talata da ƙarfe biyar da kwata na yamma, a ɗakin girkin gidan ango, saura kwana goma sha ɗaya. Mu biyu ne a wurin, ni da 'yarsa. Shi angon yana shago, bai ji labari ba sai bayan awa biyu.

Ga waɗanda yau suka fara bin labarin nan, ga ni a taƙaice. Shekarata ashirin. Ina aiki a bayan kanta a wani kantin magani, daga takwas na safe zuwa shida. Wanda zan aura mai gyaran agogo ne, shagonsa na tsallaken titi, ƙofa na kallon ƙofa. Matarsa ta rasu shekara takwas da suka wuce, ta bar masa 'ya ɗaya. Kowa Mai Agogo yake ce masa. Shekarunsa kuwa sun danganta da wanda kuka tambaya. A bakin Gwaggo, ƙanwar Babana, arba'in ne da 'yan kai. A katin asibitinsa, wanda nake riƙewa da hannuna duk wata idan ya zo sayen allurar ciwon suga, hamsin da bakwai ne. Da yake Gwaggo ba ta taɓa ganin katin ba, ita aka fi yarda da ita a gida.

Kuma don Allah ku daina turo mini lambar masu ceton 'yan mata. Ba wanda ya yi mini dole. Gwaggo ta yi turi, gaskiya ne, amma ta tarar da ni ina gangarawa da ƙafata.

Shekara guda yana zuwa kantinmu ina ce masa Baba, yana ce mini Malama. Yakan zo da 'yarsa, ta riƙe masa jaka, ta tsallakar da shi titi, ni kuma in ce a raina ga 'ya mai tarbiyya. Ba ya doguwar magana. Ya gaisa, ya miƙo kati, ya ce in karanta masa abin da ke jikin kwali, ya yi godiya, ya fita. Sai wata huɗu da suka wuce saƙo ya shigo wayata daga lambarsa:

“Malama, yau da kika miƙo mini magani na ga kin ɗaure yatsa da filasta. Me ya same ki? Tun ɗazu na kasa aiki.”

Ku yi mini adalci. Samarin da ke nemana kafin nan, mafi ƙoƙarinsu shi ne wanda ke rubuto “kina ina” sau huɗu a yini, in na faɗa masa inda nake kuma ba ya zuwa. Ga mutum ya rubuto jimla uku cikakku, da waƙafi a inda ya dace, kuma ya ga filasta. Na amsa a minti biyu. Na so in jira minti goma don mutunci, hannuna ya ƙi.

Daga nan saƙo ya zama abinci, safe, rana, yamma. Da rana in ɗaga kai in hango shi ta gilashin shagonsa, ya sunkuya da ɗan madubin nan da suke maƙalawa a ido, fuska a murtuke kamar mai karanta takardar kora, sai ga saƙo mai narkar da mutum ya shigo. Na ce lallai akwai masu zurfin ciki a duniya. Abin da ya fi ba ni wahala shi ne daina ce masa Baba. Na kasa samun abin da zan maye gurbinsa da shi, sai na koma ba na kiransa da komai, ina dai yin gyaran murya.

Da magana ta isa gida, Gwaggo ta ɗauke ta kamar ita za a aura. Kullum Lahadi sai ta zo da jakarta mai ƙarfen zinare, ta zauna a kujerar Baba ta falo, ta buɗe taro. Babba ya gama yawo. Babba ba ya duba wayar mace. Yaron yanzu me zai ba ki ban da ya ari cajarki ya hana? Hujjarta mafi girma kuwa Umma ce.

“Ga uwarki nan, tana sha bakwai aka kai ta, yayana yana arba'in da huɗu. Me ta rasa?”

Lokacin da take wannan tambayar, Umma tana wucewa ta bayanta da bahon wankan Baba. Shekara shida ke nan da ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Yanzu shekararsa saba'in da ɗaya, Umma arba'in da huɗu. Ita ke juya shi, ita ke ba shi abinci a baki, ita ke fassara mana abin da yake nufi idan harshe ya ƙi. Sai kawai ta ce in matsa mata hanya.

Abu ɗaya zan faɗa don kada ku ce na rage wa mutumin haƙƙinsa. Tun da aka fara maganar, kowace Asabar da hantsi yakan zo gidanmu ya zauna da Baba. Baba yana da tsohon agogon hannu irin wanda ake murzawa, ya tsaya tun ranar da hannun ya tsaya. Mai Agogo ya tafi da shi, ya dawo da shi yana tafiya, ya ɗaura masa a hannun hagu. Daga nan kullum ya zo sai ya murza masa, ya kanga a kunnensa, su zauna awa guda ba mai cewa uffan. A cikin mako ni ke murzawa, amma Baba ba ya yarda da nawa, sai ya yi ta harara. Ban taɓa ganin hira mai daɗi irin tasu ba.

To, ga yadda abin ya fashe.

Ranar Litinin, ƙarfe huɗu da minti goma, ya shigo kantinmu shi kaɗai, abin da bai saba ba. Ya rungumo agogon bangonmu da uwar ɗakina, mai kantin, ta ba shi gyara. Hannu biyu ya riƙe shi, kamar jariri. Yana tsaye a gabana yana bayanin abin da ya lalace a ciki, sai wayata ta motsa a aljihun farar rigar aiki. Na duba.

“Ina zaune a shago ni kaɗai. Agogo arba'in suna bugawa, babu ko ɗaya da ya gaya mini yaushe zan gan ki.”

Na dubi saƙon. Na dubi mutumin. Na sake ƙirga hannuwansa, biyu ne, duk suna kan agogo. Na leƙa tsallaken titi ko akwai wani shi a shagon, na ga kwaɗo a ƙofa.

Na yi gyaran murya na tambaye shi ina wayarsa.

“Tana wurin yarinya,” ya ce. “Ni rubutun ya yi mini ƙanana.”

Haka ya faɗa, kamar mai cewa ana zafi yau. Na ɗora masa wayata a gaban fuska na ce ya karanta mini wannan. Ya ajiye agogon, ya ciro ɗan madubinsa, ya maƙala, ya matso har numfashinsa ya dusashe gilashin. Ya daɗe. Sannan ya ce hasken ya yi yawa. Aikin da nake hango shi yana yi ta taga, ashe yawancinsa da yatsu da kunne yake yi. Wata huɗu ina sayar wa mutum maganin ciwon da na san yana cin ido, ina karanta masa kwali da bakina, ban taɓa tambayar kaina yadda ya ga filasta ba.

Da na tashi aiki ban tsaya ko'ina ba. Na zauna a kan tabarma a tsakar gida tun da sauran haske, na koma saƙo na farko, na bi su ɗaya bayan ɗaya da biro da takarda, yadda muke ƙirgar kaya a kanti. Ɗari shida da goma sha biyu ne. Ɗari da arba'in gaisuwa. Ɗari uku da casa'in da ɗaya soyayya zalla. Tamanin da ɗaya tambayoyi.

Tambayoyin ne suka sa na ajiye biro.

“Kina da nauyin barci? Ina so in san ko zan iya kallonki ba ki farka ba.” Na amsa da alfahari cewa ko cokali ya faɗi a ɗakin girki sai na ji. “Kina tsoron jini?” Na ce ni da nake huda yatsun mutane goma a yini. “Za ki iya haƙura da shayi ba sukari saboda ni?” Na ce har abada. Wata rana ma cewa aka yi, “Da zan yanke jiki in faɗi a gabanki, me za ki fara yi?” Ni kuma, don in nuna ba kyau kaɗai gare ni ba, na rubuto amsa mai layi tara: a gwada suga, in ya sauka kuma mutum yana cikin hayyacinsa a ba shi abu mai zaƙi, in ba ya ciki kada a ɗura masa komai, a kwantar da shi ta gefe, a nemi asibiti. Aka turo mini hoton zuciya guda uku. Na kwana ina murmushi. Ashe makin jarrabawa ne.

Washegari na roƙi uwar ɗakina ta sallame ni da huɗu da rabi. Na cire rigar aiki, na bar doguwar rigata ruwan toka, na ja mayafi, na tafi gidansa. Na taɓa zuwa sau biyu da Gwaggo, amma a falo aka ajiye mu, inda komai yake a goge. Wannan karon na wuce ciki. A lungun da ke kaiwa ɗakin girki akwai sabon akwati, babba, shuɗi, ko ledar hannunsa ba a cire ba. Shi 'yar ta je saye jiya, shi ya sa uban ya tsallaka titi shi kaɗai.

Na same ta tana yanka ganye. Ta girme ni da shekara uku. Tun da aka sa rana take ce mini Anti, ni kuma ina ce mata Yaya, kowa na jin kunyar kowa. A ƙofar firij an manna takarda da aka ja wa layi da rula: safe, allura, lamba sha takwas, yamma, allura, lamba goma, gwaji, ƙafa, a duba tsakanin yatsu, Alhamis ta farkon wata, asibiti. A kan firij ɗin kuma ga wayarsa tana caji, kusa da tata.

“Sannu da zuwa, Anti.”

“Yawwa, Yaya. Jiya da huɗu da minti goma Baba yana ina?”

Na ji kaina na ce Baba, ban gyara ba. Ta ajiye wuƙar. Ta wanke hannu, ta goge da tawul, yatsa bayan yatsa. Na zaci za ta yi musu, har na tanadi takardata. Ba ta yi ba. Ta ce kullum da safe yakan ce mata ta gaishe ni. Ita kuma sai ta gaishe ni.

“Sau ɗari shida?”

“Yakan ce in gaishe ki da kyau.”

Na tambaye ta wa ya fara kawo maganar. Ta ce wata rana suna tsallaka titi ya ce yarinyar kantin can ita kaɗai ke karanta masa kwali ba ta yi tsaki ba. A shekara takwas, wannan ne karo na farko da ta ji ya yabi wata mace, sai ta riƙe. Amma ba ta yi gaggawa ba, ta ce, don ba abin wasa ba ne. Mu uku ta duba. Akwai wata mai taimaka wa nas a asibitin da suke zuwa, amma tana da faɗa. Akwai wata malamar makaranta a layinsu, mai kirki, sai dai tana ganin allura take rufe ido.

“Ke kika zo ta ɗaya, Anti. Da nisa.”

Na yi mata godiya. A makaranta ban taɓa wuce ta bakwai ba.

Sai na nuna akwatin. Ta ce makarantar koyon aikin jinya ce, a wani gari, tafiyar yini guda. Sau biyu suna ba ta gurbi tana roƙon a ajiye mata. Bana sun rubuto cewa ba za a ajiye na uku ba. Ana fara karatu ranar Talata, kwana uku bayan ɗaurin aure.

“Ashe ke kika zaɓi ranar.”

“Makaranta ta zaɓa.”

Ba ta ɗaga murya ba, ba ta yi kuka ba. Ta ce tana sha biyar uwarta ta rasu, a makon aka koya mata allura. Tun daga ranar ba ta taɓa kwana a wani gida ba, ko na dangi. Allura biyu a yini, shekara takwas, in yi lissafi tunda ni ce mai kanti. Na yi daga baya a mota: dubu biyar da ɗari takwas da arba'in. Ta ce ba ta cuce ni ba, ubanta mutumin kirki ne, ba ya zagi, ba ya ƙorafi, gidan nasa ne, kuma duk abin da ta rubuta da ya iya da ya rubuta.

Na ce to filastar fa.

“Ni na gani.”

“Agogo arba'in da ba su gaya masa yaushe zai gan ni ba fa? A ina kika samo?”

Nan ne kawai ta kau da kai. Ta ɗauki wuƙar ta ci gaba da yanka ganyen da ya riga ya yanku.

“Irin wanda nake so a rubuto mini ne,” ta ce.

Na zo da maganganu da yawa a bakina, na jera su tun a hanya, wasu har da lamba. Na tsaya ina kallon takardar firij. Sannan na ce mata a ɗaga. Ta tambaya zuwa yaushe. Na ce sai na haɗu da wanda zan aura, don har yanzu ba a gabatar da mu ba. Agogon ɗakin girkin ya nuna biyar da kwata, kuma a gidan nan agogo ba ya ƙarya, shi kaɗai.

Gwaggo ta iso gidanmu minti arba'in bayan na kira ta, mayafi a karkace. Ta saurare ni har ƙarshe, abin da ban taɓa gani ba, sannan ta tambaya ina matsalar take. A zamaninsu, ta ce, mutum zai je wurin mai rubuta wasiƙa a bakin gidan waya ya ce a rubuta wa wance, mai rubutu ya ƙara gishiri, a yi aure a haifi 'ya'ya goma, ba wadda ta taɓa cewa a kawo mata mai rubutun ta gani. Ta ce ni dai gata ne ya yi mini yawa, an ba ni miji da sakatariya. Ta ce an buga kati, an gaya wa mutane, tela ya karɓi yadi, da wane baki za ta koma? Na ce ta ce musu shekarun ango ake sake ƙirgawa. Ta juya wurin Umma ta ce ta ji irin tarbiyyar da ta yi. Umma ta ce lokacin maganin Baba ya yi, ta shige ɗaki.

Sai da safe ta yi magana. Tana yi wa Baba aski a bakin taga, ta sa masa tawul a wuya, ni ina riƙe da kwanon ruwan ɗumi. Ta shafa kumfa, ta ja fatar kumatunsa da yatsa biyu, ta bi da reza a hankali. Ba ta dube ni ba.

“Ni ba wanda ya yi mini jarrabawa,” ta ce. “Ke har an ba ki sakamako.”

Ta ɗauraye rezar a kwanon, ta ci gaba.

“Shekara ashirin da ɗaya na farko, babu macen da ta fi ni jin daɗi a layin nan. Ki rubuta wannan, kada ki bari kowa ya goge. Shidan nan kuwa kin gani da idonki. Ni daga farko na fara, na ci daɗin kafin in zo nan. Ke ta nan za ki shiga.”

Na tambaye ta to me zan yi. Ta ce in matso da kwanon. Baba, wanda muke magana a kansa kamar ba ya ɗakin, ya ɗaga hannun hagu ya bubbuga agogonsa a jikin kujera, ya furta wani abu. Umma ta ce tambaya yake ko mutuminsa zai zo ranar Asabar. Ta goge masa sauran kumfar da tawul.

Ranar Alhamis da hantsi Mai Agogo ya tsallako titi, shi kaɗai, da ƙaramar jaka mai sanyi a hannu. Na gyara tsayuwa, na shirya fuskar da zan karɓi ban haƙuri da ita. Ya gaishe ni, ya wuce ni, ya ce uwar ɗakina yake nema.

Ya ciro allurarsa, irin mai kama da biro wadda ake murza gindinta har lambar da ake so ta fito a wata 'yar taga. Ya ce a koya masa ya yi wa kansa. Uwar ɗakina ta ce ai matsalar lambar ce, ba zai gan ta ba, kuma wannan ba abin da ake yi da ƙiyasi ba ne. Ya ce ya sani. Amma shekara takwas yana jin yarinya tana murzawa, kuma duk murzawa ɗaya abin yana yin ƙara, ƙas. Ya tambaya ko kowace ƙara lamba ɗaya ce. Ta ce a irin wannan, haka ne.

“Shekara arba'in ina sauraron abin da bai kai wannan ƙara ba,” ya ce.

Ya kanga a kunne, ya rufe ido, ya murza. Kantin ya yi tsit, har wata mai jiran maganin tari ta riƙe tarinta. Ya tsaya ya miƙa. Sha takwas. Uwar ɗakina ta mayar, ta ce goma. Goma. Ta ce bakwai, ta kunna fanka don ta rikita shi. Bakwai. Sau tara ta gwada shi, bai kuskure ba. Ta kira likitansa a gabanmu, suka yi magana, aka tsayar cewa zai riƙa zuwa safe da yamma yana yi a gabanta har sai ta gamsu.

Da zai fita ya tsaya a kantata. Ya ce ranar Talata ya sa yarinya ta karanta masa saƙonnin duka, nata da nawa, awa biyu da rabi. Ya san tana gaishe ni, bai san gaisuwar ta kai haka ba.

“Na ji kunya, Malama. Wasu kuma na ji haushi da ba ni na faɗa ba.”

Na yi gyaran murya. Bai jira ba.

Asabar ta farko ya zo wurin Baba, ya murza agogo, ya tafi. Asabar ta biyu ita ce ranar da ke jikin kati. Gwaggo ta kashe wayarta tun daren Juma'a, bayan ta gaya wa rabin dangi cewa ango ne ba shi da lafiya, ta gaya wa sauran rabin cewa ni ce. Da hantsi ya zo, cikin rigarsa ta kullum mai aljihu biyu, ya yi awarsa da Baba. Da ya fito ya same ni a tsakar gida ina shanya zanen gado, Umma tana miƙo mini. Bai nemi ta ba mu wuri ba.

“Shekarata hamsin da bakwai,” ya ce. “Idon hagu ya tafi rabi, na dama yana bin sa. Yarinya za ta tafi jibi. Zan zauna ni kaɗai in ga ko na iya. In na iya, ba ki da aiki a gidana. Ranar da magani ya ƙare zan zo in tambaye ki da bakina, sau ɗaya. Ban iya irin nata ba.”

Jimla bakwai, na ƙirga. Babu agogo arba'in a ciki, babu hoton zuciya. Umma ta matse zanen da ke hannunta har ya daina ɗiga, ta ce ya gaida gida.

Yaya ta tafi ranar Litinin da shuɗin akwatinta. Da yamma saƙo ya shigo daga lambarta, tata ta kanta: “Na iso. Anti, ki yafe mini.” Gajere ne ƙwarai ga mai irin baiwarta. Na amsa cewa Allah ya ba da sa'a, kuma ta daina ce mini Anti tukuna. Tun daga ranar wayarsa tana aljihunsa, ina hango tudunta daga nan. Mako guda ke nan, saƙo ko ɗaya bai shigo ba. Yana tsallako titi da bakwai da hamsin da biyar, kafin a gama buɗe kanti, ya murza, ya saurara, ya yi allurarsa, ya ce sannu Malama, ya koma. Ranar Juma'a uwar ɗakina ta ce ya isa, ya riƙa yi a gida.

Tunda na yi alkawarin ba zan ɓoye muku komai ba: ban goge saƙonnin ba. Ƙarfe huɗu da minti goma hannuna yakan shiga aljihu da kansa. Nakan karanta na filastar. Sannan in ɗaga kai in ga mutumin da bai rubuta shi ba, ya sunkuya a bayan gilashi, ya kanga agogon wani a kunne.

Maganinsa zai ƙare ranar Laraba. Na sani, don ni na ƙirga masa. Yau Litinin. Tela ya kira sau biyu tun safe yana son ya ji ko ya sa almakashi, ban ɗauka ba.